Laushi Ba Shi Ne Lafiya Ba: Magana A Kan Matashin Zama

Wannan makon zancenmu a kan abin da muka raina ne, alhali a kansa da yawanmu muke neman abinci, wato abin zama.

Tela yana kan keke daga safe har dare. Mai adaidaita sahu yana wuni a kan kujerar da sosonta ya mutu tun bara. Direban tirela yana cin kusan kilomita 1,000 daga Kano zuwa Legas a zaune. Mu marubuta ma ba mu tsira ba. Da ƙugu ya fara ciwo sai a sayi maganin shafawa, a kuma ɗora tsohon filo a kan kujera.

A ganina filon nan yaudara ne. Idan mutum ya zauna, nauyinsa yana sauka a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai. Soso mai yawan laushi ba ya jure wannan nauyi. Kafin a jima ya lotsa, ka koma kan katako, bayanka kuma ya lanƙwashe. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙira.

Matashin kirki bayansa ya ɗan fi gabansa tudu, ta yadda gwiwa za ta ɗan yi ƙasa da ƙugu, gadon baya ya miƙe. Ana yanke masa gurbi mai siffar U ta baya, don ɗan ƙashin da ke ƙarshen gadon baya kada ya taɓa komai. Bakinsa na gaba a zagaye yake, kada ya danne bayan cinya ƙafa ta yi sanyi. Shi kuwa matashi mai rami a tsakiya kamar zobe, ma'aikatan jinya ba sa so a ɗora majinyacin da ke daɗewa a zaune a kansa, domin yana tara matsi a kewayen ramin.

Wasu za su ce sai na waje, mai soson nan da ke ɗaukar siffar jiki, wanda aka ƙirƙiro wa hukumar NASA ta Amurka a 1966 don kujerun jirgin sama. Yana da kyau, amma yana riƙe zafi. Ka tuna ranar watan Afrilu, ga shi a cikin rufin leda.

Shi ya sa nake cewa mu koma wajen masu kushin na unguwa. Wanda ya iya kujerar falo ba zai kasa wannan ba. Ka ce ya sa soso mai tauri a ƙasa, mai laushi siriri a sama, ya rufe da yadin auduga mai zif don a riƙa wankewa. Direba ya sa a ɗinka masa igiyar ɗaurewa, kada matashin ya zame lokacin taka burki. Kafin ka biya, danna da dunƙulen hannu. In ka ji teburi a ƙasa, bar shi.

Amma fa matashi ba magani ba ne. Miƙe ka ɗan taka duk bayan rabin awa ko awa guda. In ciwon ya fara gangarawa ƙafa, ko tana mutuwa, asibiti za ka nufa.

Mai sana'a ba ya ƙyashin sayen man keke ko taya. Bayan nan naka kuwa babu sifiyarsa a kasuwa.

Allah Ya ƙara mana lafiya.