Zuwa Ga Matasa Masu Haɗa Mutum-mutumi



Kukan da na fi ji daga bakinku shi ne tsadar kaya. Komai sai an yi oda daga Sin, dala ta hau, kafin kayan su iso zumuɗin ya huce. Haka ne. Sai dai da yawa daga abin da kuke zaman jira yana nan jibge a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Katako a Yamai, wani ma a kan sikeli ake sayar da shi. A 2013 wani matashi a Lome, Afate Gnikou, ya haɗa firintar 3D da tarkacen kwamfuta da firintocin da aka yar. Bolarmu ba ta fi tasu talauci ba.

Ku fara da matacciyar firinta, don ban san abin da ya kai ta albarka ba. Ku kwance ta a tsanake, kada ku fasa. Za ku samu moto biyu ko uku, da sandar ƙarfe miƙaƙƙiya sumul wadda kan tawada ke zarya a kanta, da bel mai haƙora, da ƙananan giya na roba, da 'yar na'urar haske mai gane shigowar takarda. Ita wannan, in kun kafa ta jikin taya, za ta ƙirga muku juyinta. Motocin da ke da waya biyu juyi kawai suke yi. Masu waya huɗu zuwa shida taki-taki suke tafiya, su ne na aikin da ke son daidaito, kamar hannun da zai ɗauki abu ya ajiye. Ku zuba kowane noti a gwangwani, wata rana shi za ku nema ido rufe.

In nauyi za a ja, ku je wajen 'yan kayan mota ku nemi moton waifa ko na gilashin ƙofa. Volt 12 suke ci, ga ƙarfi. Akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur kuma yana ba da volt 12 da 5 da 3.3, in kun haɗa koriyar waya da baƙa zai tashi.

Batir ne wurin da nake so ku nutsu. A cikin batirin tsohuwar laftof mai kauri akwai ƙwayoyin da ake kira 18650, galibi shida, kuma sau da yawa ɗaya ko biyu ne suka mutu suka ja wa sauran. Ku auna kowace da mita. Cikakkiya tana nuna volt 4.2. Wadda ta faɗi ƙasa da 2.5, ko ta lotse, ko take ɗaukar zafi wajen caji, ku rabu da ita. Kada a ce bari a lallaɓa, gobarar lithiyom ba ta jin lallashi. Tsohuwar talabijin mai ƙeya da makirowef kuwa ku bar wa masu gyara, suna riƙe wuta mai kisa ko an zare su daga soket.

Abu uku ne ban yarda ku yi musu rowa ba: mita, da allon Arduino ko ESP32, da direban moto irin L298N. Ƙafar Arduino miliamf 20 aka so ta bayar, wanda ya jona mata moto kai tsaye ya ƙona kuɗinsa.

Sai zancen mu'amala. Ɗan gwangwan nauyin jan ƙarfe da alminiyom yake gani, ba moto ba, kuma guduma ce makaminsa. Ku saba da mutum ɗaya, ku nuna masa abin da kuke so, ku ɗora masa wani abu a kan farashin kilo, zai riƙa ajiye muku kafin ya farfasa. Amma in aka kawo muku wayar wuta sabuwa fil ko batirin fitilar titi a farashin banza, ku tambayi asalinsu. Mai sayen kayan sata tare da ɓarawo ake kama shi.

Kuma don Allah ku daina ƙona waya don cire roba, ku wanke hannu bayan aikin dalma kafin ku taɓa abinci.

Wassalam.