Wai VR a asibitinmu almubazzaranci ne? Zare 🧵

1/ Jiya a aji na ce VR zai yi amfani a asibitocinmu, wani ya ce, “Ko paracetamol babu, kai kana maganar gilashin wasa.” Aka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Ga dalili.

2/ Da hunturun bara ƙanina ya faɗa wutar jin ɗumi a gidanmu, Kanya Babba. Ƙunar daban, wankin ciwon daban. Mu uku muke danne shi. Wallahi har yau ihun nan yana kunnena.

3/ Wannan ihun ne ya sa Hunter Hoffman da David Patterson na Jami’ar Washington a Amurka suka ƙirƙiri SnowWorld. Mai ƙuna yana cikin duniyar ƙanƙara yana jifa, nas tana wanke masa ciwo. Hankali ba ya rabuwa biyu daidai: wasan ya ɗauke kaso, zafin ya ragu.

4/ A 2021 hukumar FDA ta Amurka ta amince da na’urar VR don ciwon baya mai daɗewa. Ba wasan yara ba ne.

5/ Su wa suka fi mu buƙata? Ku tuna Majiya, Oktoban 2024: tankar mai ta kashe sama da mutum 150, waɗanda suka tsira suka sha wankin ƙuna. Ga masu sikila, Najeriya ce kan gaba a duniya.

6/ Amma masu cewa a sayo kawai, ku ma ku saurara. Quest ya kai rabin kilo, batirinsa kamar awa 2 ne. Ka ɗora wa yaro mai zazzaɓi a zafin watan Afrilu, babu wuta, babu fanka? Ka ƙara masa azaba.

7/ Namu sai ya zama:
• mara nauyi, ana amfani da shi a kwance
• ba ruwansa da data
• yana caji da sola
• yana magana da Hausa, ba sai an iya karatu ba
• yana zama a kan hijabi
• ana goge shi kafin a sa wa wani
• hoton ba ya gudu, kar ya kawo jiri da amai

8/ Kuma me Inna ta sani game da dusar ƙanƙara? A nuna mata gonar gero da damina, ko duwatsun Roni bayan ruwa ya ɗauke.

9/ Ban ce ya maye gurbin allura ba fa. A kawo magani, dole ne. Amma tun 2014 Google ta nuna kwali da waya ma sun isa a fara.

10/ ’Yan kwamfuta na BUK, FUD da Poly Kazaure: maimakon project ɗin da zai ƙare a kwandon shara, ku nemi likitoci ku gina wannan.

11/ Mai dariya, Allah ya sa kar ka taɓa danne ƙaninka. Amin.