Daga Kantin Magani: Hoton da Ba Ya Karantuwa

Makon jiya da daddare wata baiwar Allah daga unguwar Diobu a nan Fatakwal ta turo mini hoton kwalbar maganin ɗanta ta WhatsApp, tana tambayar cokali nawa za ta ba shi. Hoton ya fito dishi-dishi, kamar an watsa masa yashi. Amoxicillin na ruwa ne, amma na kasa gane ko 125 aka rubuta ko 250. Duka biyun ana sayar da su, kuma na biyun ya ninka na farko ƙarfi. Na ce mata, "Hajiya, kada ki ba shi tukuna, sake ɗaukar mini." Ta ce ai kyamarar wayarta ce ta lalace kwana biyun nan.

Yawanci ba lalacewa ba ce. Kafin a kai wa mai gyara, a fara duba idon kyamarar. Gumi, man shafawa, da baƙin hayaƙin da ke damun garin nan tun 2016 duk suna kwanciya a kan gilashin. A goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, ba da bakin zani ba.

Sai haske. Idan wuri ya yi duhu, kyamara kan ɗaga abin da ake kira ISO don ta samu gani, shi ke kawo yashin nan a hoto. Takan kuma ɗauki lokaci kafin ta kama hoton, don haka hannu na motsawa kaɗan rubutu zai cakuɗe. A matsa bakin taga ko ƙarƙashin fitila, a ajiye kwalbar a kan tebur. Mai kyamarar ɗaukar biki ya duba ko yara sun taɓa saitin, ya mayar da shi yadda ya zo daga kamfani.

Kada a kai wayar dab da takarda, kada kuma a jawo hoton da yatsu. A ja baya kamar taƙi ɗaya, a taɓa rubutun a fuskar wayar har ya fito raɗau. Wajen turawa a zaɓi HD, domin WhatsApp na rage ingancin hoto.

Akwai kuma laima. Ruwan da ke sauka a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, ya ninka na Kano. Raɓa kan taru a cikin gilashi, har fumfuna ta fito. Ƙananan ƙunshin silika da ake samu a robar magani suna tsotse danshi. A tara su a mazubi mai murfi tare da kyamara, nesa da hannun yara.

In za a turo wa likita ko mai magani hoto, a tabbatar sunan maganin, ƙarfinsa, lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa duk sun fito.

In kuwa kowa a gida ya ce hoton lafiya lau, kai kaɗai ke ganin hazo, to a duba ido, a gwada sukari. Bayan shekara 40 ganin kusa kan ragu, ciwon sukari ma kan fara nuna kansa ta ido.

Hajiya ta goge wayar, ta kunna fitila, ta sake turowa. 250 ne. Ita kuwa ta saba da awon na 125.