Minsharin Baba ba abin dariya ba ne

1/ Matasan Gwarzo da Kabo, ku daina dariya in Baba yana minshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa. Ciwo ne fa. Shi ke sa direba gyangyaɗi a hanyar Dayi.

2/ Akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci. Don Allah kar ku saya masa gwanjo a intanet. Likita ke tantance ƙarfin iskar.

3/ Matafiyi ne? To fara tambayar wuta. ResMed AirMini kusan giram 300 ce, amma babu batir a cikinta. A masaukin da ba wuta, me za ta tsinana masa?

4/ Ku haɗa masa da batirin da zai kai asuba. Ba ƙyalƙyali za ku saya ba, numfashin Baba ne.