Bakin jinjiri ba wurin aska ba ne

Ranar sunan ɗiyar yayata wanzami ya cire mata beli. Har la'asar jini bai tsaya ba, ta ƙi kama nono. Tsofaffi suka ce a jira, wai kowa haka aka yi mishi. Sai da dare muka hau kabu-kabu zuwa asibiti. An ƙara mata jini, da ƙyar ta sha.

Don Allah, laifin mi beli ya yi? Kowa da nashi aka haife shi. Ba ya hana tsotso, ba ya toshe maƙogwaro. Jinin jikin jinjiri mai kilo 3 bai wuce kwatan lita ba, kaɗan ya zuba an shiga uku. Ga kuma askar da ba a dafa ba, mai iya jawo tetanos.

Za a ce al'ada ce. To, al'adar da ke kai ɗan kwana bakwai gadon asibiti, a bar ta. Wanzami ya yi askin suna, a ba shi goronshi, ya tsaya nan.

Mu ƴan lakwal, mu ake aike farmasi da ordinans in abu ya ɓaci. Mu buɗe baki tun kafin ranar suna.