Gasar waƙa ta mutu a talabijin, ta tashi a wayar 'ya'yanmu

Akwai wata murna da ke yawo a majalisunmu wadda muke ganin ba ta da tushe, kuma gara a faɗa tun da wuri. Ana cewa ai gasar waƙe-waƙen nan ta talabijin ta mutu, yara sun daina kallo, tarbiyya ta yi nasara. Har akwai masu ɗora abin a kan wa'azinsu, wai shi ya kashe ta. Allah Ya ba da ladan wa'azi, amma ba shi ya kashe ta ba.

Gaskiya ne kasuwar ta faɗi. Project Fame, wadda kamfanin MTN ya ɗauki nauyi daga 2008, ta yi zagaye tara, aka rufe ta bayan na 2016. Nigerian Idol da ta fara a 2010 ta ɓace na wasu shekaru, sai a 2021 ta dawo a tashoshin DStv da GOtv, inda sai mai kuɗin biyan wata ke gani. Can Amurka ma, American Idol da aka fara a 2002, tashar Fox ta ajiye ta a 2016 saboda masu kallo sun ragu, kafin tashar ABC ta ɗauko ta a 2018. To wane malamin Rikkos ne ya yi wa Amurkawa wa'azi? Abin da ya faru a can shi ya faru a nan: mai kallo ya tashi daga gaban akwati ya koma kan waya, masu talla suka bi shi da kuɗinsu. Duk ɗan kasuwa ya san wannan lissafi. In masu saye suka sauya layi, ba ka zama kana gadin rumfa.

Kada a ɗauka kewar waɗannan shirye-shirye muke yi. Kasuwanci ne tun asali. Yaro ya tura saƙon zaɓen gwaninsa, a cire masa kuɗi a kati, kamfani ya tara, a ba mutum ɗaya mota da kuɗi, sauran dubbai su koma gida da buri a ka. Shigar da ake yi a dandalin ma ba irin tamu ba ce. Amma duk da haka abin yana da lokaci, yana da wuri. Akwati ɗaya ne a falo, uba na zaune, in abu ya wuce gona da iri ya sa a kashe, ko NEPA ta kashe masa. Akwai alƙalai da ke ce wa yaro muryarka ba ta yi ba, je ka nemi wata sana'a, kuma akwai hukumar NBC da gidan talabijin ke shakka.

Yau fa? Gasar tana TikTok, ba ta da ranar farawa, ba ta da ranar gamawa. Yarinya 'yar aji uku ta kulle ɗaki, ta ɗora waƙar fim, ta motsa baki tana rausaya, ta tura wa duniya. Alƙalanta baƙi ne da ba ta taɓa gani ba, makinta yawan masu dannawa, kuma kowa ya san abin da ke kawo dannawa ba daɗin murya ba ne. Kuɗin datar daga ina? Daga canjin cefane, daga kuɗin Islamiyya, wani lokaci daga hannun da iyaye ba su sani ba, kuma wannan na ƙarshen ne ya kamata ya hana mu barci. A Kano akwai Hisba, har kotu ta sha hukunta 'yan TikTok, abin bai tsaya ba. Mu a Filato ko wannan ba mu da shi. Mai gadin yaro a nan ubansa ne da uwarsa da malaminsa, shi ke nan.

Masu cewa a haramta a huta, muna tambayarsu: an haramta, sai me? Jos gari ne na murya. Nan Ɗan Maraya ya zauna da kuntiginsa yana yi wa ɗan adaidaita sahun zamaninsa, wato karen mota, da talaka waƙa har ya rasu a 2015. Nan P-Square da M.I da Ice Prince suka tashi, yaranmu kuma makaranta ɗaya suke zuwa da ƙannen irinsu. Yaron da Allah Ya ba murya sai ya fitar da ita. Abin da ke hannunmu shi ne inda zai fitar da ita da abin da zai faɗa.

Kuma waƙa ba baƙuwa ba ce a addininmu. Hassanu ɗan Sabitu a masallacin Madina yake rera baitocinsa na kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shehu Usmanu da waƙa ya karantar da jama'a, Nana Asma'u da waƙa ta ilmantar da mata ta hannun jajis. Imfirajin Aliyu Namangi iyayenmu sun haddace ta ba tare da allo ba. Ga Sa'adu Zungur, ga Mu'azu Haɗejia, ga Aƙilu Aliyu. Ku tambayi yaran Islamiyyunmu yau mutum nawa suka san sunan ɗaya daga cikinsu. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa daɗaɗɗe ne, ba mu zo warware shi a nan ba. Rubutacciyar waƙa da ake rerawa da baki kawai, mai koyar da tauhidi da ladabi da tarihi, ba mu san wanda ya hana ta ba.

Misali ma yana gabanmu. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986 har yau tana tafiya, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, Allah Ya tsare mu da haɗa su. Tsarin muke nufi: alƙalai masana, maki a bayyane, kyauta a gaban iyaye. Yaro na son a tafa masa, kuma ya fi son tafin unguwarsu in zai samu.

Abin da ke hana mu yi ba kuɗi ba ne. Masu halin da ke ɗinka ankon biki na dubban ɗaruruwa za su iya sayen keken ɗinki biyu da buhun shinkafa a ba waɗanda suka yi fice. Cikas ɗin shi ne wannan makaranta ta Izala ce, waccan ta ɗariƙa, ba za a zauna tabarma ɗaya ba. Da ambaliyar 2012 ta shigo Rikkos da Gangare, ba a tambayi kowa yana ƙabalu ko sadalu ba kafin a ciro shi daga ruwa.

Don haka muna kira ga shugabannin Islamiyyun unguwa da masu unguwanni da kwamitocin masallatai: a zauna kafin hutun ƙarshen zango, kowace makaranta ta kawo yara biyu, ajin maza daban, na mata daban. A sa sharaɗi yaro ya rera tsohuwar waƙa ɗaya, ya kuma kawo tasa da ya rubuta da hannunsa, malaman Hausa na sakandare su yi alƙalanci. Filin makarantar firamare ya isa, lasifikar masallaci ma akwai.