Kare Gandun Daji: A Sa Makiyayi Cikin Shawara

Jama'a, wani ɓangare na ruwan famfon da muke sha a Race Course da sauran unguwannin Kumasi daga madatsar Owabi yake fitowa. An gina ta a 1928, dajin da ke kewaye da ita kuma ya shiga jerin dausayin Ramsar a 1988 saboda tsuntsaye da birai da ke cikinsa. Yau gine-gine da shara ne ke cin gefensa, ba shanu ba. Amma da zarar an ce daji ya lalace, sai a nuna Bafillace.

Mu ma a faɗa mana gaskiya. Cinna wa ciyawa wuta da kutsawa da garke cikin Kogyae ko Digya ɓarna ce, domin gada da ɓauna ma amana ce a hannunmu.

Sai dai kora da bindiga ba ta raya daji. A tsibirin Sardiniya na Italiya, gwamnati ta ayyana gandun Gennargentu a 1998 ba da yardar makiyayan tumaki da garuruwansu ba. Suka ƙi, gandun ya tsaya a takarda.

Tun shekarar 2000 Gana ke da tsarin CREMA, inda al'umma ke kula da namun dajin yankinta. A ba ardo kujera a kwamitocinsa, a shata burtali da mashaya a wajen gandu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa masu iko su ji.